Jan Zare a Wuyan Makulli

"Ba zan buga ba, Baffa."

Ta faɗa ne hannunta yana kan hatimin, har ta ɗan jawo shi gabanta. Baffanta, ƙanin mahaifinta, mai kamfanin hayar motocin, ya tsaya riƙe da makulli yana kallonta kamar wanda tebur ya yi wa magana.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan buga ba. Farar motar kaya inshorarta ta ƙare tun kwana huɗu. Ga zaren nan a wuyan makullin, kai ma kana ganinsa."

Ofishin bai fi ɗakin kwana girma ba. Tebur ɗaya ne, da kujeru uku, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya, sai allon katako a bango mai ƙusoshi ashirin da biyu, kowace ƙusa da makullinta. Tun watan da ta fara aiki ta ɓullo da wata dabara: duk motar da inshorarta ta ƙare, sai ta ɗaura wa makullinta jan zare. A gwangwanin ɗinkin Kaka ta ɗauko zaren. Makulli mai jan wuya ba ya fita, kowa a harabar ya san da haka.

Mai hayar, wani mai sayar da littattafai ne da zai kai kaya makarantu cikin kwana biyu, ya gyara zama yana duba agogo.

"Ranka ya daɗe, in da matsala ne…"

"Babu wata matsala," in ji Baffa. "'Yar boko ce take mana karatu. Ke, ran Litinin zan sabunta. Yau Juma'a, ofishinsu ya tashi. Motar tawa ce ko taki? In ta lotse, aljihun wa zai yi kuka?"

"Ba motar nake ji ba."

"To me kike ji?"

Ta nuna kujera ta uku, wadda ba kowa a kanta. Haka take yi wa duk mai hayar da ya tambaye ta ma'anar layin da ke cewa inshorar mutum na uku. Takardar haya mutum biyu ne ke sa mata hannu, mai mota da mai haya. Na ukun ba ya wurin, bai ma san ana yi ba. Yana can yana tsallaka titi, ko yana bisa kekensa, ko yana zaune a bakin shagonsa. Ranar da motar ta same shi, wannan layin ne zai biya masa asibiti. In layin ƙarya ne, sai ya kwanta da ciwonsa, iyalinsa su shiga yawon ofisoshi.

"Ga wanda nake ji," ta ce. "Kai ma ka san shi. Kai ka ɗauko shi daga asibiti."

Injiniya, tsohon bakaniken kamfanin, wanda ya leƙo ta taga da sifana a hannu, ya janye kansa a hankali kamar kunkuru.

Ba a taɓa faɗin wannan maganar a gaban bare ba. Tana da shekara goma sha ɗaya wata motar haya ta buge mahaifinta yana kan keke da kwandon burodi. Takardun motar sun sha hatimi, amma da aka je kamfanin inshora sai aka ce ba su san da ita ba. Ta tuna dogon bencin da ita da Kaka suka riƙa zama a kai, da tagar da ake rufewa da zarar layi ya zo kansu. Shekara biyu ya yi a kwance kafin ya rasu. Mahaifiyarta ta riga shi tun tana goye. Baffa ne ya kwashe su ita da Kaka zuwa gidansa, shi ya sa ta a makaranta har ta gama, shi ya ba ta wannan teburin.

Baffa ya sa farce ya tsinke zaren, ya yar da shi a ƙasa. Ya miƙa hannu ya fizgi hatimin, ya buga da kansa, har tebur ya girgiza. Mai littattafai ya karɓi makulli ya fice yana sunkuyar da kai.

"Tashi," in ji Baffa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A gaban baƙo kika tono mini kabarin ɗan'uwana. Ƙafarki kada ta sake taka ofishin nan, kada ta taka gidana, sai ranar da kika tsaya a gaban ma'aikatana kika ce kin yi kuskure."

Ta sunkuya ta ɗauki guntun zaren, ta sa a jaka, ta fita kanta a sama.

Ran Lahadi da yamma motar ta dawo ko ƙwarzane babu. Ba ta bugi kowa ba, ko kaza ba ta taka ba. Labari ya zaga dangi. Goggo ta kira ta a waya.

"To, Lauya, ina mutumin naki na uku? An ce har yanzu ana nemansa da fitila."

Lauya shi ne sunan da Kaka ta laƙaba mata tun tana ƙarama, saboda ba a gama magana da ita ba ta ce "amma". A bakin Kaka sunan yana da zaƙi. A bakin Goggo yaji gare shi.

"Allah ya sa kada a taɓa samunsa, Goggo."

"Ji min yarinya! Ki je ki ba Baffanki haƙuri, kalma uku ce. Harshenki zai guntule ne?"

"Ba zai guntule ba. Ƙarya ce dai zai yi."

Ta kama ɗaki a can ƙarshen gari tare da wata ƙawarta ta makaranta, ta samu aikin buga takardu a wani shagon kwafi. Aikin bai dame ta ba. Katifa a ƙasa ba ta dame ta ba, haka takalmin da ya tsage ta ɗinke sau biyu. Abin da ke cin ta shi ne Asabar.

Tun tana 'yar shekara goma sha uku, duk Asabar da hantsi ita ke tsefe wa Kaka kai. Ɗakin Kaka yana hawa na uku, tagarsa tana kallon titi. Kaka takan zauna a kan tabarma ta jingina da gadon ƙarfe, ita kuma ta hau gadon ta sa kan tsohuwar tsakanin gwiwoyinta. Akwai baƙin mataji mai haƙora biyu a karye, da kwalbar man gashi, da rediyon da ba a kashewa duk da Kaka ta daina jin abin da yake faɗa. Kunnen dama ya mutu, na hagu sai an kai baki kusa da shi. Shi ya sa hirarsu ta koma hirar tsifa: ta sunkuya ta raɗa, Kaka ta bugi ƙafarta tana dariya.

"A hankali, Lauya, kai ne ba takardar kotu ba."

"Gashin naki guda nawa ne ma, Kaka? In ƙirga miki?"

"Ƙirga naki. Wanda zai aure ki sai ya zo da nasa lauyan."

Waya ba ta yi wa Kaka amfani. Sau ɗaya Injiniya ya kai mata tasa ya manna mata a kunne, sai ta yi ta cewa "Wa ke nan? Wa ke nan?" har ta gaji ta miƙa masa. Saukowa kuwa ba ta yiwuwa, gwiwoyinta sun shekara huɗu rabonsu da matattakala. Ƙawarta ta ce mata ta faki idon Baffa ta shiga in ya fita aiki. Ta ƙi. Gidan da ta girma a ciki, ba za ta shige shi da sanɗa kamar ɓarauniya ba, kuma ba za ta sa tsohuwa ta riƙa yi wa ɗanta ɓoye-ɓoye ba.

Sai ta koma zuwa titin. Duk Asabar da hantsi takan hau bas biyu, ta sauka, ta tsaya a ƙarƙashin rumfar kantin magani da ke kallon gidan. Asabar ta farko ba ta ga komai ba sai labule. Ta biyu labulen ya motsa. Ta uku aka yaye shi gaba ɗaya, ga Kaka ta jawo kujera bakin taga, ta kafa haɓarta a kan ƙarfen. Daga nan ƙasa fuskar ba ta fi tafin hannu ba. Ta ɗaga hannu. Kaka ta zare ɗankwalinta, ta nuna mata kan, ta yarfa hannu, alamar dubi yadda ya koma. Gashin ya cukurkuɗe kamar audugar da aka yi watsi da ita.

Ta yi dariya har mai kantin ya leƙo. Da ta hau bas ɗin komawa ta juya fuskarta wajen gilashi, ba ta so a ga idonta.

Haka aka ci wata bakwai. Ta san lokacin da rana ke barin bangon gidan. Ta san wace Asabar aka canja labule. Wani lokaci a shagon kwafi, tana tsaka da buga takardar wani, sai ta ji ƙamshin man gashin nan a yatsunta, ta kai hanci, ba komai sai tawada.

Wata Laraba sai ga Injiniya a shagon, da rigarsa mai baƙin mai, ya zauna a kan kwalin takardu ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ranki ya daɗe, babbar alƙaliya. Ana shiga ko sai an rubuto takarda?"

"Baba Injiniya! Wa ya nuna maka nan?"

"Mai gyaran mota ba ya ɓata, sai dai motar ta ɓata. Ke, kin rame. Ba sa ba ki abinci ne sai takarda?"

Ta sayo masa shayi. Ya kurɓa, ya dube ta ta saman kofin.

"Zan gaya miki abu, amma ban faɗa ba. Litinin ɗin da ta biyo bayan tafiyarki, tun kafin a buɗe ofishin inshora Baffanki yana bakin ƙofarsu. Duk motocin ya bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma kin san me? Allon nan naki, har yau da jan zare. Shi da kansa yake ɗaurawa, da waɗannan manyan yatsun nasa, yana ƙunƙuni. Shekaranjiya wani ya zo da kuɗi a hannu yana son ƙaramar shuɗiyar motar nan, Baffanki ya dubi wuyan makulli ya ce a'a. Har kujerar ya nuna masa."

Ta ajiye abin da ke hannunta.

"To in haka ne me ya rage?"

"Girma ya rage, 'yata. Babba ba ya cewa yaro ya fi shi gaskiya, sai dai ya yi aiki da ita a ɓoye. Shi ya aiko ni, amma bai aiko ni ba, kin gane. Ya ce in kin zo ran Asabar kin faɗi kalmomin nan a gabanmu, shi ke nan, teburinki yana nan." Ya ajiye kofin. "Tsohuwa kuma ta fara rage cin abinci. Ba ciwo ba ne. Ta ce wai abincin ba ya mata daɗi tun da kika tafi."

Kwana uku tana juya maganar. Ta faɗi kalmomin a gaban madubi, sun fita lafiya, ba abin da ya fashe. Na yi kuskure. Yaro ma zai iya. Ta ce wa kanta ai Baffa ya riga ya gyara, me ƙaryar za ta ɓata? Ta tuna hannunsa a kan kafaɗarta ranar da ta karɓi takardar gama makaranta, yadda ya riƙa gaya wa kowa, har mai gadi, cewa 'yarsa ce. Ta sayi sabon mataji, ta sa a jaka.

Ran Asabar da safe ta shiga harabar. Ƙamshin fetur da sabulun wanke mota ya tare ta kamar ɗan'uwa. Direbobi biyu da Injiniya suna tsaye a bakin ofis, kowa ya sami abin da yake gogewa. Baffa yana zaune a kujerarta, ya ƙara furfura. A allon bayansa makullai biyu suna da jan wuya, an ɗaura su da ƙulli mai kauri irin na wanda bai saba ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon kalanda.

"Ina jin ki."

Ta buɗe baki. Idonta ya sauka a kan kujera ta uku. Tana nan inda take, da yagewar ledar nan a gefe. Sai ta ga in ta faɗa a gaban waɗannan mutanen, gobe wani direba zai tsinke zare ya ce ai ita ma mai zaren ta ce kuskure ne.

"Baffa, ka yafe mini. Na ɗaga maka murya a gaban baƙo, na ambaci Baba a inda bai kamata ba. Wannan laifina ne, kuma ya daɗe yana damuna. Kai ne ubana, ba ni da wani."

Ya juyo ya dube ta. Leɓensa ya motsa.

"Sai hatimin," ya ce.

"Hatimin ban yi kuskure ba."

Wani direba ya ja numfashi. Injiniya ya ce, "Kai, jama'a," ya buga sifana a cinyarsa.

"Motar ta dawo lafiya," in ji Baffa.

"Allah ne ya tsare. Ba takardar ba."

"Rabin haƙuri kika kawo mini? Ni za ki yi wa ciniki?"

"Iya abin da nake da shi ke nan, Baffa. In na ƙara, na ƙara da ƙarya. Kai ka biya aka koya mini karanta abin da nake sa wa hannu."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ga idonsa ya yi ja, ta ga kuma direbobin suna kallonsa, shi ma ya san suna kallonsa.

"Hali zanen dutse," ya ce daga ƙarshe. "Kan ubanki ne da ke, ba ya lanƙwasuwa. Maganata tana nan inda na ajiye ta. Ki gaida gida."

Ta miƙe. A bakin ƙofa Injiniya ya raɗa mata, "Ku biyun nan, da motoci ne da tuni na sayar da ku a matsayin ƙarfe." Ba ta iya yin dariya ba.

Daga ofishin zuwa gidan tafiyar minti goma ce. Ta tafi a ƙafa. Yau ba ta tsaya a rumfar kantin magani ba, ta tsallaka ta tsaya daidai ƙarƙashin tagar, inda inuwar gidan ta ƙare. Ƙofar shiga tana nan a buɗe, taku biyar daga inda take. Tana iya ganin matakala ta farko, da tsagewar da ta saba tsallakewa tun tana yarinya.

Kaka tana bakin taga, da alama an gaya mata yau ce ranar. Ta sa sabon ɗankwali. Ta dubi jikarta, ta nuna ƙofa da haɓa, alamar tambaya. Ita kuwa ta girgiza kai.

Sai tsohuwar ta ɓace daga tagar, har jikar ta fara tsoron ko fushi ta yi. Can sai ga ta ta dawo da gwangwanin ɗinki. Ta daɗe tana fama da wani abu a cinyarta. Daga nan ta zuro hannu ta tsakanin ƙarafan, wani abu baƙi ya fara saukowa a hankali yana lilo, ya wuce tagar hawa na biyu, ya wuce ta farko. Baƙin matajin ne mai karyayyun haƙora, an ɗaure shi da jan zare.

Jikar ta kama shi. Akwai farin gashi biyu-uku a maƙale, da ƙamshin man. Ta kwance shi ta sa a jaka, ta fito da sabon ta ɗaura. Amma Kaka ba ta ja ba tukuna. Ta riƙe nata bakin zaren, ta ɗan fizga sau biyu, kamar yadda take bugun ƙafarta in ta ji abin dariya. Ita ma ta fizga sau biyu. Suka tsaya a haka, hawa uku a tsakaninsu, masu wucewa suna kauce mata suna ɗaga kai su ga me take kallo.

"Lauya!" Kaka ta ƙwala da muryar kurame, wadda duk titin ya ji. "Kin ci ko kin faɗi?"

Ta san ko ta amsa ba za a ji ba. Ta ɗaga kafaɗa. Kaka ta yi dariya, ta goge ido da bakin ɗankwali, ta fara naɗe zaren, sabon matajin yana hawa yana bugun bango.

Ta tsaya har ya shige. Ba ta buga hatimin ba, ba ta kuma ce ta yi kuskure ba, kuma ko yau aka sake miƙo mata ba za ta buga ba. Abin da hakan ya ci mata shi ne aikinta, da gidan da ta tashi a ciki, da Asabar talatin da ba ta taɓa kan Kaka ba. Kaka tana da shekara tamanin da huɗu, kuma ba wanda ya san Asabar nawa suka rage mata.

Ta gyara jakarta ta nufi tashar bas.